Daga Gyadi-Gyadi Zuwa Nguru: Sharhi Kan Yadda Mu Ke Raya Ƙasa Da Ruwa

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, a kan ji shela a rediyo cewa ranar kaza za a buɗe dashen itatuwa. A kafa rumfa, a jera kujeru, manya su zo su yi jawabi, a miƙa wa babban baƙo shebur ya tura ƙasa cikin rami, a yi tafi, a watse. Kashegari a ji labari an raba dashe dubu kaza ko miliyan kaza. An daɗe ana yin haka, niyyar masu yi kuwa kyakkyawa ce, ba mai musun wannan. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yi ba, watau cikin waɗanda aka dasa bara da bara waccan, nawa ne ke tsaye yau? Wa ya koma bayan bazara ya ƙidaya?

Wannan tambaya ita ce gindin maganarmu. Yau kowace hukuma in ta tashi bayyana aikinta na tsaron daji da fadama da koguna, sai ta ce bisa ilmin kimiyya ta ke tafe. To, madalla. Sai dai ya kamata mu san abin da kalmar ke nufi, don kada ta zama ado kurum a bakin mai jawabi. Aiki bisa ilmi sharuɗɗa uku gare shi. Na ɗaya, a auna abin da ke nan tun ba a taɓa kome ba. Na biyu, a binciki dalilin ɓarnar, don magani ya dace da cuta. Na uku, a komo bayan shekaru a sake awo, a faɗa wa jama'a abin da aka gani, da daɗi ko ba daɗi. Da wannan ma'auni za mu gwada ayyukan da aka yi, mu yaba inda yabo ya cancanta, mu nuna inda aka yi sake.

Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan Gyadi-Gyadi da Tarauni da zancen daji, alhali kuwa ko'ina ka duba sai siminti da kwalta da hayaƙin A Daidaita Sahu? Ai dalilin zaɓensu ke nan. Dattawan waɗannan unguwanni sun san lokacin da tsakaninsu da ganuwar birni, da tsakaninsu da Unguwa Uku, gonakin gero da dawa da gyaɗa ne, ga ɗorawa da tsamiya da kuka tsaitsaye cikinsu. Sunayen unguwannin Kano ma sun isa shaida a kan irin itatuwan da ƙasar ta saba da su: Giginyu, Kurna, Tsamiyar Boka, Rimin Kebe, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Da aka yi ƙidayar 2006, mutanen Ƙaramar Hukumar Tarauni sun haura dubu 200, gonakin nan kuwa duk sun zama filotai. Abin da ke samun ƙasar Kano sannu a hankali, a nan ya faru cikin rayuwar mutum guda. Har wa yau kuma, ruwan da ya sauka a kan rufin gida a Gyadi-Gyadi tafiya ce mai nisa a gabansa, za mu bi shi mu ga inda ya ke ƙarewa. Amma bari mu fara da tudu tukuna.

Tsoron hamada ba sabon abu ba ne. Cikin 1934 wani shehun malamin daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zaga arewacin Nijeriya da ƙasar da Faransa ke mulka a lokacin, ya koma Ingila ya bayyana cikin 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu tana cin ƙasa, maganinta kuwa sai a kafa dogon zirin daji a tare ta. Maganarsa ta tada hankalin gwamnatocin biyu, har suka haɗa kwamitin masana daji, na Ingila da na Faransa, suka bi iyaka cikin 1936 da 1937 suna dubawa. Ba su sami shaidar cewa hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Sun tarad da yawancin tuddan rairayi ciyawa da itatuwa sun riƙe su, ɓarnar da suka gani kuwa ta wuri-wuri ce, inda aka yi sara da ƙuna fiye da kima. Aibin Stebbing shi ne da rani ya zo, ya ga ƙasa fayau, ya yanke hukunci bai jira damina ba. Daga baya, cikin 1991, masana a Amurka suka bayyana abin da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna, cewa bakin Sahara ya kan matso kudu cikin shekarun fari, ya koma arewa in ruwa ya samu. Duk da haka hoton da Stebbing ya zana ya fi binciken da ya ƙaryata shi tsawon rai, gama ya fi daɗin faɗa a kan mumbari.

Kada a ɗauka muna cewa ba ɓarna. Wanda ya ga yadda rairayi ke binne gonaki a ƙasar Yusufari, ko ya tuna farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 da 1984, ko ya ga motocin gawayi da itace na shigowa Kano dare da rana, ba zai faɗi haka ba. Abin da mu ke cewa shi ne, in aka saɓa sunan cuta, aka saɓa magani.

Wanda ya fi kowa gyara mana wannan fahimta a ƙasar Kano shi ne Michael Mortimore, wanda ya zo koyarwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero. Shi bai tsaya ga gani daga cikin mota ba. Ya shiga ƙauyukan kewayen birni ya auna gonaki, ya ƙidaya itatuwa, har jakunan da ke shiga birni da itace su fito da taki ya sa aka ƙidaya. Littafin da ya fitar tare da J. Wilson cikin 1965, da wanda shi da abokan aikinsa suka fitar cikin 1990 a kan itacen girki a Kano, sun nuna abin da ya ba mutane da yawa mamaki: karkarar Kano, duk da cunkoson jama'arta, ba ta rasa itatuwan gonakinta ba, har cikin shekarun fari. Dalili kuwa a fili ya ke. Itacen da ke cikin gonar manomi dukiyarsa ce. Ya ci kalwar ɗorawarsa, ya sha tsamiyarsa, ya yi miya da kukarsa, ya sassare reshe ya bar gindi. Ba ya bukatar mai gadi ya hana shi kashe abin da ke ciyad da shi.

Wannan bincike ya cika sharuɗɗan nan uku, ya kuwa cancanci yabo. Amma shi ma yana da iyaka, bai kamata a miƙa shi inda bai kai ba. Maganarsa a kan gonar da ke hannun mai ita ce. Ba ta shafi dajin Gwamnati wanda kowa ke ɗiba ba wanda ke tattali ba, ba ta kuma shafi bakin birni ba, inda gona ke zama fili a yanka a sayar. A Tarauni da Gyadi-Gyadi ba fari ne ya kashe ɗorawa ba, igiyar awon filoti ce. Jakunan nan da Mortimore ya ƙidaya sun tafi, sharar birni da ta ke zama taki yanzu ta cakuɗe da leda. Saboda haka wanda ya kawo wa waɗannan unguwanni maganin hamada, ya kawo maganin cutar da ba ita ke damunsu ba.

Mu duba kuma abin da ya faru inda aka bi shawarar Stebbing. Bayan farin shekarun 1970 Gwamnati ta himmatu ga dasa layukan itatuwa masu tare iska a arewacin Kano, mafi yawa turare da darbejiya, waɗanda duka baƙi ne, ɗaya daga Ostireliya, ɗaya daga ƙasashen Hindu. Layukan sun rage iska, sun riƙe ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma da masanan tashar binciken daji da ke Kano, tare da wasu na ƙasar Holan, suka auna a Yambawa, sai suka ga an ba layukan tazara mai yawa har tsakiyar gona ba ta samun kariya, saiwoyin turare kuwa sun kutsa cikin gonaki suna ƙwace wa gero ruwa. Da aka haƙa rami aka datse saiwoyin, sai geron da ke kusa da layi ya ƙara kyau. Da an yi wannan gwaji a ƙaramin fili tun farko, an kuma tambayi masu gonakin, da an huta da hasarar shekaru.

Yanzu mu haura Maraɗi mu ga wata hanya. Cikin 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha ganin dashensa na mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirukan da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na can ƙarƙashin ƙasa da ƙarfinsu. Abin da a ke bukata kurum shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu kyau a kan kututture ya bari, ya yanke sauran, ya tsare su daga dabba da wuta. Mutanen Nijar suka sa wa abin suna sassaben zamani. Sabara da kalgo da geza da gawo suka tashi. Masana irin su Chris Reij, da suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an raya wajen hekta miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa kamar miliyan 200. Hekta ɗaya kuwa ta kusa eka biyu da rabi. Abin bai yaɗu ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya sare reshe.

Gawo shi kaɗai ya isa darasi. Shi ne itacen da ke zubad da ganye da damina, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da ya ke bukatar rana, ganyensa ya zama taki daidai lokacin shuka, 'ya'yansa su ciyad da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin kuma su bar kashinsu a gindinsa. Kakanninmu sun san wannan tun masana ba su auna ba. To, in ka je wurin raba dashe a Kano, sau nawa ka ga gawo ko ɗorawa ko kanya ko aduwa a cikin layi? Darbejiya da turare sun fi saurin tashi, akuya ba ta cika damunsu ba, sun kuma fi sauƙin cika lissafi. Ba mu raina inuwar darbejiya ba, ta yi wa titunanmu rana ƙwarai. Amma unguwar da ba ta da itace sai iri guda, kamar garin da ba shi da sana'a sai guda ne.

Ga wannan ma'auni kuma za a ɗora babban shirin nan na Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi cikin 2007, aka nufi ya tashi daga Senegal ya dire Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma cikin 2015. Siffarsa ta farko zirin Stebbing ce ta dawo cikin sabuwar riga. An yi alkawarin raya hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton da aka fitar cikin 2020 ya nuna abin da aka gyara cikin zirin da aka shata wajen hekta miliyan 4 ne. Abin yabo a nan biyu ne: an faɗi gaskiyar lissafin, an kuma sauya tsari daga layin itatuwa guda zuwa gyaran gonaki da makiyaya da fadamu wuri-wuri. Haka kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi cikin Disamba 2021 da rancen dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, tsarinsa a takarda ya bi magudanar ruwa maimakon iyakar mulki. Wannan daidai ne. Sai dai rance ne, jikokinmu za su biya, don haka hakkinsu ne a bar musu lissafin abin da ya rayu, gari-gari, a inda kowa zai iya dubawa.

Tun da mun ambaci magudanar ruwa, bari mu komo gida mu bi ruwan nan na Gyadi-Gyadi. Ruwan da ke sauka Kano a shekara ya kan kai wajen milimita 800, wata shekara ya ɗara, kusan dukansa kuwa cikin wata huɗu. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 ya kan tara lita 80,000 ke nan, watau jarka 3,200 mai cin lita 25. Wannan rufi guda ne. Dā can, ruwan ya kan sauka a kan gona ya nutse, ragowar ta taru a kududdufi. Kududdufan Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, matafiyin nan Barth ma ya gan su ya ambace su sa'ad da ya zo cikin 1851. Ba mu ce ba su da aibi ba. Sauro na haihuwa cikinsu, ana zuba musu ƙazanta, yara kan nutse. Amma aiki biyu su ke yi wa gari ba da lada ba: su riƙe ruwan sama ranar da ya yi yawa, su kuma tsiyaya shi sannu-sannu cikin ƙasa rijiyoyi su samu. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan da ke kwance bisansa ba shi da yawa, ruwan sama ne kaɗai ke mayar da abin da aka ɗiba.

To, yanzu an cike kududdufai da yawa an yi gini, an shafe tsakar gida da siminti, kowane gida kuma na son rijiyar burtsatse tasa. Watau mun toshe bakin tulu muna ta ɗiba daga gindinsa. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Da damina ruwa ya rasa wurin zama ya shiga ɗakuna da shaguna, kamar yadda ya yi wa Kantin Kwari cikin Agusta 2022, da bazara kuma a bi 'yan garuwa da kuɗi a hannu. Ambaliya da ƙishirwa 'ya'yan uwa ɗaya ne. Maganin ƙazamin kududdufi shi ne a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara, a sa kifin da ke cin 'ya'yan sauro. Amma tun da cike shi ya fi kawo kuɗi nan take, sai aka zaɓi cikewa, ba kuwa wanda ya auna yawan ruwan da ya ke riƙewa kafin a kawo motar ƙasa ta farko.

Ruwan da ya rasa wurin nutsewa sai ya bi kwata. Arewacin birni na zuba cikin Jakara, amma kudancinsa, da Tarauni da Gyadi-Gyadi da Gandun Albasa da Na'ibawa, rafin Tatsawarki ya ke bi. A hanya ya gamu da ruwan masana'antun Sharaɗa, cikinsu har da majemun zamani masu aiki da sinadarin kuromiyam, sa'an nan ya faɗa Kogin Calawa, ba nisa da Tamburawa inda a ke ɗibar wa birni ruwan famfo. Masanan Jami'ar Bayero sun auna ruwan wannan rafi, sun sami ƙarafa masu guba fiye da kima, ga shi kuwa da shi 'yan lambu ke ban ruwa da rani. Abin da muka zubar a kwata ya kan komo mana cikin kwandon latas. A nan sharaɗi na ɗaya da na biyu sun cika, an auna, an san dalili. Abin da ya rage shi ne a tilasta tace ruwan tun bai bar masana'anta ba, a kuma riƙa bayyana sakamakon awo a kai a kai.

Daga nan Calawa ya haɗu da Kogin Kano, su wuce Wudil, su zama Kogin Haɗeja, su bazu cikin fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Cadi. Wannan fadama ta ciyad da manoman shinkafa da masunta da makiyaya tun zamanin da ba a sani ba, kuma tsuntsayen ruwa na tasowa tun daga Turai su yi hunturu cikinta. Rayuwarta duka a kan abu guda ta ke: ruwa ya malala da damina, ya janye da rani. Cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar Tiga, cikin 1992 kuma aka gama ta Calawa. Ba mai hankalin da zai ce ba su yi amfani ba. Shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura daga nan su ke, ruwan da birni ke sha ma haka. Amma an gina su ba a lissafa abin da na ƙasa za su rasa ba. Malalar damina ta ragu ƙwarai, kogin da ya saba bushewa da rani kuma ya koma gudana duk shekara. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su, har wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma ya daina isa gare su sam. Jan-baki ya sami maɓoya cikinta yana fitowa ya cinye hatsi.

Bayan da aka kafa shirin kiyaye wannan fadama cikin 1987, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka lissafa abin da mudun ruwa guda ke haifarwa in an bar shi ya malala a fadama, na noma da kifi da itace, suka gwada da abin da ya ke haifarwa a noman rani na sama. Suka ga na fadama ya fi, ninki ba ninki. Shawarar masana ba ta rushe madatsa ba ce. Cewa suka yi a riƙa sakin ruwa da damina gwargwadon yadda kogi ya saba, a rage shi da rani don kacala ta ji ƙishi. Cikin 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, cikin 2006 kuma jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, suka yarda da kafa asusun kula da kogin gaba ɗaya. Matakai ne masu kyau. Amma kogi bai san takarda ba, abin da aka sako masa daga bakin madatsa shi ya sani. Ranar da masuncin Nguru zai iya sanin yawan ruwan da za a saki daga Tiga da watan da za a sake shi, ran nan ne za a ce ilmin ya fita daga ofis.

Saura mu tambaya, me mutumin Tarauni zai yi, shi da ba shi da iko da madatsa? Da fari a san abin da ya rage. Makabartar Tarauni, da harabar makarantu da asibitoci, da Gidan Zu da aka kafa zamanin Audu Bako a maƙwabtan Gyadi-Gyadi, su ne 'yan tsibiran da manyan itatuwa suka tsira a wannan sashe na birni. Cikin 2020, sa'ad da aka yi zancen ɗauke Gidan Zu a kai shi Tiga, jama'a da yawa sun ƙi, sun kuwa yi gaskiya, gama kurmin da ya shekara hamsin ba a sayensa a kasuwa. Tsuntsaye ma shaidu ne. Shamuwa mai bushara da damina da balbela dogon itace su ke nema su kwana. Ungulu, wadda dā ba a raba ta da mahauta, ta yi wuyar gani, har cikin 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke bakin ƙarewa, saboda guba da farautar masu magani da rashin itacen sheƙa.

Mazaɓu goma ke cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Ba abin da zai hana kowace ta sami littafi guda a hannun mai unguwa, a rubuta kowane babban itace da irinsa da wurinsa, da kowane kududdufi da ya rage, da hanyar da ruwa ke bi. 'Yan makarantar sakandare sun isa su yi wannan ƙidaya cikin hutu guda, su kuma riƙa auna zurfin ruwan 'yan rijiyoyi zaɓaɓɓu farkon kowane wata. Masu nuna musu hanya ba nisa su ke ba, ga tashar binciken noma ta IITA a Titin Sabo Bakin Zuwo, ga kuma Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da Jami'ar Bayero ta kafa cikin 2012. Kada a ba da dashe sai an rubuta sunan wanda zai shayar da shi ya kuma ci amfaninsa, a sa na gida cikin abin da a ke rabawa, kada kuma a shigar da shi lissafi sai ya ga bazara uku. Mai ba da iznin gini ya sa sharaɗi a bar wani yanki na kowane fili ba siminti. Abin da ya rage na kududdufi da bakin rafi a mai da shi hurumi, yadda magabata suka keɓe hurumin gari da burtali, ba mai sayarwa, ba mai ginawa.

Waɗannan ba su bukatar rancen ƙasashen waje, ba su kuma da armashin ranar buki. Haƙuri su ke bukata, da littafi, da mutumin da zai faɗi lissafi yadda ya ke ko da bai yi wa mai gidansa daɗi ba. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙasarmu ma ba ta lalace banza ba, kowace ɓarna da dalilinta, mafi yawan dalilan kuwa an riga an gano su, wasu tun fiye da shekara hamsin. Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraron masu awo, ya ba mu ikon barin wa na baya ƙasa mai inuwa da rijiya mai ruwa, amin.